Darasi na 12: Tausa a Gida da Asibiti

Da wuya ka shiga gida a Boko, ko Kofa, ko Mawashi, ka tarar ba a san tausa ba. Magidanci ya wuni yana huɗa, da almuru ya dawo ƙugu ya riƙe, sai ya kwanta rub-da-ciki a tabarma ya kira autansa ya hau bayansa ya tattaka. Tsohuwa ta miƙe ƙafafu bayan sallar isha'i, jikanya tana matsa mata suna hira. Ungozoma ta yi sammako ta gasa wa maijego jiki, ta mimmiƙe wa jariri hannuwa da ƙafafu, ta shafe shi da man kaɗanya. Saurayi ya yi targaɗe a filin ƙwallo, abokai su riƙo shi zuwa gidan maɗori. Duk waɗannan tausa ce, kuma tun kaka da kakanni muke da ita.

Wadda ba mu saba da ita ba ita ce tausar asibiti, wadda ake yi a sashen fisiyo, inda yawancinmu ke kira wurin gashin ƙashi. Likita yakan duba mutum ya rubuta masa takarda ya ce ya tafi can, sai mutumin ya ninke takardar ya jefa aljihu, shi ke nan. Wani tsoro yake ji kada a tuɓe shi gaban mutane. Wani ya ji labarin wai lantarki ake jona wa mutum. Wani kuma cewa yake yi, "Tausa kawai? In biya kuɗin mota har Katsina don a matsa mini baya, alhali ga yara a gida?" Darasin nan zai bi da ku abin da ake yi a wurin tun daga bakin ƙofa, sannan ya tsaya sosai a kan lokutan da bai kamata a taɓa mutum da tausa ba, ko a asibiti ko a tsakar gida.

Abin da tausa take yi

Naman jikin da muke motsi da shi, wato tsoka, aikinta ta takura ta saki. Idan ta yi aiki fiye da kima, ko ta daɗe a yanayi ɗaya, sai ta ɗaure ta ƙi saki. Haka bayan mai noma da fartanya yake yi idan ya wuni a sunkuye, haka wuyan tela a kan keke, haka kafaɗar mai daka da surfe da jan guga. Hannun mai tausa yana ɗumama wurin, jini ya ƙara gudana a fata da tsokar, ɗaurewar ta sassauta. Akwai kuma wani abin. Taɓawa da matsawa saƙo ne da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa, kuma wannan saƙon yana danne saƙon raɗaɗi. Shi ya sa yaro in ya bugi goshi, uwa ta murza masa wurin, sai kukan ya lafa. Bayan haka hankali yana kwanciya, numfashi ya daidaita, barci ya zo da sauƙi.

Iyakar aikinta ke nan, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Amma tausa ba ta haɗa ƙashin da ya karye, ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta fitar da mataccen jini ko guba daga jiki. Duk wanda ya ce maka ka ajiye maganin hawan jini ko na ciwon suga saboda tausarsa ta wadatar, ka tashi ka bar masa wurin. Ko a ciwon baya, inda tausa ta fi suna, sauƙin da take kawowa sau da yawa na 'yan kwanaki ne, in ba a haɗa ta da motsa jiki da gyara yadda mutum ke aiki ba.

Likitocin da suka gabata sun san haka. Ibnu Sina, a littafinsa na likitanci Alƙanun, wanda ya kammala a shekarar 1025, ya rarrabe tausa mai ƙarfi da mai laushi, mai yawa da matsakaiciya, kuma ya ajiye ta kusa da motsa jiki. A Ingila, a shekarar 1894, wasu mata huɗu ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar masu tausa da suka sami horo, don a riƙa yin jarrabawa a bambance gwani da ɗan ci-da-ceto. Daga wannan ƙungiyar ce ƙungiyar masu aikin fisiyo ta ƙasar ta samo asali. A Najeriya aikin ya fara a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, kuma yau ana karanta shi a Jami'ar Bayero ta Kano. Tun 1988 akwai hukumar gwamnatin tarayya da ke yi wa masu wannan aiki rajista ta ba su lasisi. Saboda haka idan ka je wani wuri mai zaman kansa da aka kafa allo aka rubuta fisiyo, ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin lasisin.

Kafin ka tafi

A fara da asibitin da ke kusa, ko Babban Asibitin Kankia, likita ya duba ya gano abin da ke damunka. In ya ga gashi da tausa ne maganin, zai tura ka inda ake yi. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ka tafi da takardar likita, da katinka, da hoton ƙashi in an taɓa ɗauka, da duk maganin da kake sha, har da jiƙo da garin da aka ba ka a gida. Ka yi wanka, ka sa tufa mai sakewa. Namiji ya sa gajeren wando da singileti a ciki, mace ta sa riga mai faɗi da wando a ƙarƙashin zani. Kada ka cika ciki da tuwo dab da shiga, don kwanciya rub-da-ciki za ta yi maka wuya. Kada kuma ka shafa man zafi kafin ka fito. Idan aka haska fitilar gashi a fatar da ke da man zafi, tana iya ƙonewa. Zobe, agogo, warwaro da sarƙa za a ce ka cire. Mai kambu a damtse ko guru a ƙugu ya san za a nemi ya kwance ko ya gusar da shi daga wurin da za a yi aiki.

Tambaya kafin taɓawa

Abin da yake ba sababbin zuwa mamaki shi ne, a ranar farko magana ta fi tausa yawa. Ga misalin yadda hirar take kasancewa tsakanin ma'aikaci da wani dattijo manomi.

"Sannu Baba. Ina ne ke ciwo? Nuna mini da yatsa ɗaya."

"Ɗana, ai duk bayan ne."

"To Baba, amma ina ya fi tsanani?"

"Nan, daidai mazagin wando."

"Yaushe ya fara?"

"Tun ranar da na ɗaga buhun taki zan ɗora a amalanke, farkon damina."

"Yana sauka ƙafa?"

"Wani lokaci yakan zubo ta cinyar hagu har sha-raɓa. In na yi ruku'u kuwa sai na dafa bango nake miƙewa."

"Yana tashe ka cikin dare? Kana zazzaɓi ko zufar dare? Ka rame kwanan nan?"

"A'a, ban da ciwon nan lafiyata ƙalau."

"Ka gafarce ni Baba, dole ce ta sa zan tambaya. Fitsari da bahaya, kana riƙe su yadda ka saba?"

"Alhamdu lillahi, babu matsala."

Ko wace tambaya a nan akwai abin da take nema. Ciwon da ke sauka ƙafa yana nuna wata jijiya ce ta matsu a ƙashin baya. Ciwon baya mai tashin mutum cikin dare, ga rama, ga zufa, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, wanda in aka bar shi yakan kawo ƙusumbi ko ya shanye ƙafafu. Mutumin da fitsari ya fara kuɓuce masa, ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓawa, wannan ba na tausa ba ne sam, na likitan tiyata ne, kuma a ranar. Da Baban nan ya ji kunya ya ɓoye irin wannan, da ya cuci kansa. Haka mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa ko da bai fito ba. Mai ƙarfe a ƙashi daga tsohuwar tiyata ya faɗa, mai na'urar bugun zuciya ya faɗa, mai shan maganin tsinka jini ya faɗa.

Bayan tambayoyi sai dubawa. Za a ce ka tashi ka taka, ka sunkuya, ka karkata dama da hagu, ka ɗaga ƙafa kana kwance. Zai danna wurare yana tambaya, "Nan fa?" Yana iya buga gwiwarka da 'yar guduma ta roba ya ga yadda ƙafar ke zabura. Daga nan ya gaya maka abin da ya gano, da abin da zai yi, da kusan sau nawa za ka dawo. A nan ne za ka faɗi gaskiyar aljihunka. Idan daga Boko ba za ka iya zuwa Katsina sau biyu a mako ba, ka faɗa tun farko. Ma'aikaci nagari zai tsara maka abin da za ka riƙa yi a gida, ya koya wa wanda ya rako ka, ya rage yawan zuwan. Wannan ya fi ka amsa da "to" ka zo sau biyu ka ɓace.

Maganar sutura

Wannan ce ta fi hana mutanenmu zuwa, musamman mata, don haka a ji ta da kyau. Ba a tuɓe mutum. Wurin da za a yi aiki kaɗai ake buɗewa, sauran jiki a rufe da zani ko mayafi, kuma ana jan labule. Idan kafaɗa ce, kafaɗa kaɗai. Idan ƙasan baya ne, a ɗage riga a sassauta mazagi kaɗan. Mace tana da damar cewa mace 'yar'uwarta take so ta yi mata, in kuma babu a ranar, ta nemi a ba ta wata rana, ko mijinta, ko 'yarta, ko wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin. Babu mai ikon taɓa wurin da ba a yi maganarsa da ke ba. In hannu ya kai inda ba ki yarda ba, ki ce a tsaya, ki tashi, ki gaya wa shugaban sashen. Wanda ya yi haka shi ne mai abin kunya, kuma yana iya rasa lasisinsa.

A kan gado

Gadon tausa siriri ne, mai ɗan tauri, wani da rami a wajen kai inda fuska ke shiga don mutum ya yi numfashi yana kife. Za a sa maka matashi a ƙarƙashin ciki ko idon sawu don baya ya sake. Wanda ba ya iya kifewa, kamar mai ciki ko mai haki, sai ya kwanta a gefe ko ya zauna a kujera ya jingina da tebur.

Ma'aikaci zai wanke hannu, ya zuba ɗan mai ko hoda a tafinsa don kada fata ta goge. Yakan fara da shafa mai tsawo da tafin hannu gaba ɗaya, a hankali, kuma in ƙafa ce ko hannu, daga ƙasa yake turowa sama wajen ƙirji, don ta nan jini ke komawa zuciya. Idan wurin ya ɗumama sai ya shiga murza, yana kama tsoka yana ɗagawa yana matsawa yana saki, irin yadda ake cuɗa ƙullin alkaki. Inda ya ji tauri sai ya tsaya da babban yatsa, ya danna yana ɗan juyawa, ya riƙe na ɗan lokaci har ya ji wurin ya yi laushi. Wani lokaci ya bubbuga da gefen hannu ko da tafi a dunƙule. A ƙarshe ya koma shafar da ya fara da ita. Tausar wuri ɗaya a asibiti ba ta cika wuce minti 10 zuwa 20 ba. A wuraren da ake tausar jiki duka don hutawa, kamar manyan otal-otal na birni, takan kai rabin awa zuwa awa guda.

Mu Hausawa mun taso da cewa jarumi ba ya raki, kuma wasu na ganin in tausa ba ta yi zafi ba, ba ta shiga ba. Wannan tunanin ya jawo wa mutane rauni. Akwai ɗan zafin da mutum ke ji yana kuma jin daɗinsa, yana iya numfashi yana magana. Wannan babu laifi. Amma zafin da ya sa ka cije baki, ka ɗauke numfashi, ka ƙanƙame jiki, ko ka ji wani abu ya harba maka har yatsu, wannan alama ce a sassauta. Tsokar da ke jin azaba ƙara ɗaurewa take yi. Ma'aikaci ba ya cikin jikinka, kai ne za ka ce, "A rage," ko "Nan ya yi yawa."

Sau da yawa ana haɗawa da gashi: fitila mai jan haske da ake haskawa daga nesa, ko jakar ɗumi da aka naɗe a tawul. Ɗumi ya kamata ka ji. In ya fara ƙuna ka yi magana nan take. Lantarkin da ake ba da labari kuwa 'yar na'ura ce, wasu ma da batir suke aiki, ana manna faifai biyu ko huɗu a fata, sai ka ji tsikari kamar tafiyar kiyashi. Kai ake tambaya kafin a ƙara ƙarfinta. Daga nan sai motsa jiki, wanda shi ne ginshiƙin maganin: yadda za ka janyo gwiwa zuwa ƙirji kana kwance, yadda za ka ƙarfafa tsokar ciki, yadda za ka ɗaga buhu ta hanyar durƙusawa da gwiwa kana riƙe da shi kusa da jiki maimakon sunkuyawa da baya.

In an gama kada ka zabura. Ka juya gefe, ka zauna ɗan lokaci, don wasu na jin jiri. Kasala da barci da ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Ciwon da ya ƙaru ya ƙi sauka, ko kumburi, ko ƙafa ta fara mutuwa, wannan a koma a faɗa.

Inda ba a tausa

Wannan sashen ya fi kowanne muhimmanci, domin yawancin ɓarnar a gida take faruwa, da hannun masoyi mai kyakkyawar niyya.

Ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ya yi zafi ya yi tauri, musamman ga maijego, ko wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ya daɗe a kwance, ko wanda ya dawo daga doguwar tafiya a zaune kamar alhaji a jirgi: kada kowa ya matsa ta. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Tausa tana iya ɓalle gudan jinin ya bi jijiya ya toshe huhu, mutum ya mutu cikin mintoci. A ɗauke shi zuwa asibiti.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ba a kai shi wurin tausa. Ja da murza a kwanakin farko na shan inna ƙara lalata gaɓar suke yi. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, domin ko wace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka da zai ɗauki bahayan yaron a kai gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a ranar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma har yanzu ana bin sawun duk yaron da gaɓarsa ta saki, kuma ana ci gaba da rigakafi.

Babba da bakinsa ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma matsalar a ƙwaƙwalwa take, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe. Awoyin da aka ɓata ana murza hannun da mai su ne awoyin da likita ya fi buƙata. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Daga baya, in ya farfaɗo, fisiyo zai yi masa amfani ƙwarai, kuma a nan za a koya wa iyali abu guda da ake yawan kuskurewa: ba a jan mai shanyewar jiki ta hannun da ya mutu don a tashe shi, domin kafaɗar tana gocewa ta zama ciwon da ya fi na farko.

Sabon targaɗe ba ya son zafi ko murza a kwana biyun farko. A huta, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na kamar minti 15, in babu ƙanƙara a jiƙa tsumma da ruwan randa. Wanda ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu bayan faɗuwa daga babur, a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja.

Maɗora sun yi wa al'ummar nan hidima tun kafin a gina asibiti, kuma ba za a raina su ba. Amma akwai alamun da duk mai ɗori a gidansa ya kamata ya haddace. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka daina jin taɓawa, ko raɗaɗi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, ɗaurin ya matse jini. A kwance shi nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne, domin 'yan awoyi sun isa su kashe tsoka, kuma ta haka yara da yawa suka rasa hannu. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta gida ba ce. Gwiwar hannun yaro da ta ƙage bayan karaya kuwa, kada a miƙe ta da ƙarfi ana murzawa. Hakan yakan sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, hannun ya ƙage har abada.

Haka kuma ba a tausa ga mai zazzaɓi, ko a kan maruru, gyambo, ƙuna, ƙurji, ko wani ƙulli da ba a san ko mene ne ba, musamman a nono. Mai sikila yakan ji sauƙi da shafa mai laushi da ɗumi, amma in wuri ɗaya ya kumbura ya yi zafi ga zazzaɓi, yana iya zama ƙashin ne ya kamu da ƙwayar cuta. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, kada a gasa masa da ruwan zafi, don zai ƙone bai sani ba, kuma ciwon ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa. Cikin mai juna biyu ba a danna shi, ba a kuma ƙoƙarin juya kwanciyar ɗa a gida.

Maijego da jariri

Ungozoma da kakanni su ne masu wannan fagen, kuma ga su maganar take. Ruwan gashi a gwada shi da gwiwar hannu kafin ya taɓa jikin maijego. Wadda aka yi wa tiyata aka ciro ɗa, ba a danna mata ciki. Maijegon da ta fara haki, ƙafafunta biyu suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ba ƙarin gashi take buƙata ba. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama masu jego a ƙasar Hausa, kuma waɗannan su ne alamunsa.

Jariri yana jin daɗin shafa mai laushi da man kaɗanya mai tsabta. Amma ba a shafa masa man zafi, ba a danna cibiya, ba a murza maɗiga. Maɗigar da ta faɗa alama ce ruwan jikinsa ya ƙare, yawanci saboda gudawa, sai a ci gaba da ba shi nono a garzaya asibiti.

Ban da maijego da jariri, tattaka bayan da muka ambata tun farko kuwa, ga magidanci mai ƙarfi da ƙaramin yaro mara nauyi, a gefen ƙashin baya, ba a cika samun matsala ba. Ga tsoho ko tsohuwa, a daina. Ƙashin tsufa yana yin gautsi, haƙarƙari yana iya tsagewa. Tafin hannu ya wadatar. Haka murɗe wuya farat ɗaya don ya yi ƙara, wanda wasu masu aski ke yi bayan sun gama: ka ce ba ka so. A cikin wuya akwai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya zama ma'aikacin fisiyo, ɗaya mara lafiya. Mara lafiya ya bayyana ciwonsa: inda yake, ranar da ya fara, abin da ke tayar da shi, da maganin da yake sha. Sannan ya gwada faɗin waɗannan da babbar murya: "A rage, ya yi zafi." "Ina son mace ta yi mini." "Ba zan iya zuwa sau biyu a mako ba, a koya mini na gida." Daga nan ku yi musanya.

Ku amsa waɗannan a littafinku:

1. Me ya sa ba a shafa man zafi kafin a je wurin gashi?
2. Maƙwabciyarki ta haihu kwana goma da suka wuce, ƙafarta ta hagu ta kumbura tana zafi, ta ce ki matsa mata. Me za ki ce mata, kuma me za ki yi?
3. Rubuta alamu uku da ke nuna ɗaurin ɗori ya matse.
4. Daga garinku, wane asibiti ne mafi kusa, kuma wa za ku kira ya kai mara lafiya in abu ya faru cikin dare? Rubuta sunansa da lambar wayarsa a bangon littafinka.